Folda ta hau amma ta hana shiga: tambayoyi da amsoshi kan izini a NFS da Samba

Waɗannan tambayoyi na tara su ne daga bakin mutanen da nake yi wa aikin reso a nan Damagaram: masu shagon buga takardu na wajen kasuwar Dole, sakatarorin makarantun kuɗi, da ɗaliban jami'ar André Salifou masu zuwa koyon aiki. Kukan kusan iri ɗaya ne. An ware kwamfuta guda ta zama rumbun biro, an raba foldarta ga sauran, sai izini ya hana aiki tafiya. NFS da Samba hanyoyi biyu ne na raba folda ta reso: NFS an fi amfani da ita tsakanin injinan Linux, Samba kuma don injinan Windows su ma su shiga.

Kalmomi uku zan riƙa maimaitawa. Uwar kwamfuta ita ce wadda fayiloli ke kwance a cikinta da gaske, wadda masu sana'a ke ce wa saba. Ɗaure folda shi ne abin da umarnin mount ke yi. Turke kuma shi ne foldar nan marar komai da ke kan kwamfutarka, misali /mnt/biro, inda ake ɗaure wadda ta zo daga nesa.

Malam, foldar ta hau lafiya lau, ina ganin ta da idona, amma da na zo ajiye takarda sai ta ce Permission denied. Me na ɓata?

Mai yiwuwa ba ki ɓata komai ba. A kwamfutar da ke da Faransanci saƙon kan fito Permission non accordée, ma'anar ɗaya ce. Ƙofa biyu ake bi. Ta farko ita ce uwar kwamfuta ta yarda wa injin naki ya ɗaure foldar, wannan kin wuce ta. Ta biyu ita ce ta yarda wa ke kanki ki taɓa abin da ke ciki, a nan aka tsayar da ke.

Abin da zai warware miki rabin matsalolin wannan shafi shi ne ki san NFS ba ta san sunan kowa ba, lamba ta sani. Kowane asusu a Linux yana da lambarsa, UID, kowane rukuni ma yana da tasa, GID. In kin nemi rubutu, kwamfutarki ba ta cewa sakatariya ce ke nema. Cewa take lamba 1001 ce. Uwar kwamfuta ta duba foldar, ta ga ta lamba 1000 ce, sai ta hana. Ko da sunan asusun iri ɗaya ne a injinan biyu, harafi da harafi, bai dame ta ba.

Kamfanin Sun Microsystems ne ya fito da NFS a 1984, lokacin da mutum ɗaya ke riƙe da injinan wuri duka, shi ke raba lambobi daga littafi guda. Mu kuwa kowace kwamfuta ranarta daban aka saka mata tsari, sau da yawa hannu daban. A Debian da Ubuntu asusun farko yana samun 1000, na biyu 1001, haka dai. A Mac na farko 501 ne. Tsohuwar Red Hat, har zuwa ta 6, daga 500 take farawa. To in a uwar kwamfuta mai gyara ya fara buɗe wa kansa asusu sannan ya buɗe miki, a taki kuwa ke ce ta farko, lambobin sun riga sun saɓa tun ranar.

Ki buga waɗannan biyu a kwamfutarki:

id
ls -lnd /mnt/biro

Na farko zai gaya miki lambarki da na rukunanki. Na biyu zai nuna lambar mai foldar. Harafin n ɗin nan shi ke sa a nuna lamba tsirara maimakon suna, kuma ina roƙon kowa ya saba da shi, don suna yana yaudara: kwamfutarki na iya rubuta sunanki a kan fayil ɗin da a can na wani ne, kawai don lambar ta zo ɗaya.

To yaya ake daidaita lambobin?

Ni yadda nake yi, takarda nake ɗauka tun kafin in taɓa inji. In jera ma'aikatan wurin, kowa in ba shi lamba daga 2001 zuwa sama, nesa da 1000 inda ake cinkoso. In buɗe rukuni ɗaya mai lamba 5000. Wannan takarda tana zama a aljihun teburin mai wuri, duk kwamfutar da aka sayo gobe da ita za a buɗe asusu.

A kowane inji:

sudo groupadd -g 5000 biro
sudo usermod -u 2001 -aG biro sakatariya

Sai mai asusun ya fita tukuna, ba a sauya wa mutum lamba yana ciki. Umarnin usermod yana gyara mallakar fayilolin da ke foldar gidan mutum da kansa, amma waɗanda ke wani wuri sai ka bi su da find da chown.

A uwar kwamfuta kuma:

sudo chgrp -R biro /srv/biro
sudo chmod 2770 /srv/biro

Lambar 2 da ke gaba tana da muhimmanci. Ita ke sa duk sabon fayil da aka haifa a cikin foldar ya gaji rukunin biro, ba rukunin wanda ya ƙirƙire shi ba. Saura abu ɗaya da ake yawan mantawa, wato umask, lambar da ke yanke izinin da sabon fayil zai fito da shi. Injina da yawa na zuwa da 022, wanda ke sa sabon fayil ya fito da 644: abokan aiki su karanta, amma ba su iya gyarawa. Ka mai da shi 002 ko 007 ga ma'aikatan, in ba haka ba kullum za a kira ka cewa kontabul ya kasa gyara takardar da sakatariya ta rubuta.

Shagon buga takardu mai injina uku ko huɗu, inda ba ruwan kowa da wane ne ya ajiye me, ba sai ya sha wannan wahala ba. A /etc/exports, fayil ɗin uwar kwamfuta mai jera foldojin da aka raba, sai a sa all_squash,anonuid=2000,anongid=5000, a ba lamba 2000 mallakar foldar. Duk wanda ya shigo, uwar kwamfuta za ta ɗauke shi a matsayin mutum ɗaya. Ga shago ya wadatar. Ga makaranta ko asibiti ban yarda da shi ba, don ranar da abu ya ɓace ba ka da yadda za ka san hannun wa.

Na sa sudo ma ta hana ni. Ashe akwai abin da ya fi ƙarfin root?

Root, babban asusun da sudo ke ara maka ikonsa, sarki ne a garinsa kawai. Da ya tsallaka reso, uwar kwamfuta tana tuɓe masa rawani, ta mai da lambarsa daga 0 zuwa ta nobody, wadda a yawancin Linux na yau 65534 ce. Sunan wannan root_squash, kuma a kunne yake ko ba ka rubuta shi ba. Shi ya sa wani lokaci ma'aikaci na shiga folda ba gardama, kai mai sudo a hana ka.

Duk wani chown ko chmod na gyara, ka je uwar kwamfuta ka yi shi a can, ko ka shiga cikinta daga nesa ta ssh. Za ka ga ana ba da shawarar no_root_squash a intanet. Yana aiki, amma ma'anarsa duk wanda ke da sudo a kowace kwamfuta da ka buɗe wa ƙofa zai iya share rumbun kakaf. Ina sa shi ne kawai ga inji ɗaya tilo mai kwafar ajiya da dare, da adireshinsa a rubuce, ba ga reso duka ba.

Wani ya ce in buga chmod -R 777 in huta. Mene ne aibinsa?

Wannan ita ce tambayar da ta fi ci mini rai, don maganin yana aiki nan take, mutum ya yi godiya ya tafi. Bakwai uku na nufin kowa ya karanta, kowa ya rubuta, kowa ya share.

An taɓa kira na wata makaranta gab da raba sakamakon ƙarshen shekara. Foldar makin aji guda ta ɓace. Na tarar da sakatariya zaune, ta cire tabarau ta ajiye kan madannai, gefenta tulin takardun jarrabawa ɗaure da roba, tana shirin sake shigar da makin yara ɗaya bayan ɗaya da hannu. Da na duba, rumbun duka 777 ne tun ranar da aka kafa shi, kuma injinan ɗakin da ɗalibai ke koyon kwamfuta suna ɗaure da shi. Ba lalle mugunta ba ce, yaro na iya jan folda da linzami ba da saninsa ba. Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Mun dawo da wani ɓangare daga tsohon kwafi, sauran ta kwana biyu tana bugawa.

In dole ne a sami wurin da kowa zai jefa abu, a ware folda ɗaya don haka a ba ta 1777. Lambar 1 ɗin tana hana mutum share abin da ba nasa ba, irin yadda /tmp take.

Na gyara izinin turke kafin in ɗaure, da na ɗaure sai ya koma wani abu daban.

Haka yake. Da zarar an ɗaure, turken ya ɓuya a ƙarƙashi, abin da kake gani izinin foldar can ne. Gyaran a uwar kwamfuta ake yin sa.

Ina ganin sunayen fayiloli amma ba na iya buɗe su. Wani kuma ya share fayil ɗin da ba shi da izinin rubutu a kansa. Ta yaya?

Haruffan izini, wato r, w da x, ma'anarsu a kan folda daban take da ma'anarsu a kan fayil. A folda, r izinin karanta jerin sunaye ne. Harafin x izinin ratsawa ne, ka wuce ta ciki ka kai ga abin da ke bayanta. Mai r ba x yana ganin sunaye kawai, ba ya taɓa komai. Harafin w tare da x kuma izinin ƙara suna ko cire shi ne daga jerin. Share fayil cire suna ne, saboda haka izinin folda ake dubawa, ba na fayil ɗin ba.

Ka tuna gidajen Birni masu zaure bayan zaure. Ko ɗakin ciki a buɗe yake, in zaure na biyu a kulle ne ba ka isa gare shi. Kowace folda a kan hanya sai ta ba ka x. Wannan umarni yana jera su duka, ka ga inda aka datse:

namei -l /mnt/biro/maki/aji6

Kuskuren da na fi gani shi ne chmod -R 660, wanda ke cire x daga foldoji duka a bugu ɗaya. Babban X ke gyara shi, don foldoji yake ba x ya ƙyale fayilolin da ba su da shi: chmod -R ug+rwX.

Izini daidai, lambobi daidai, amma tana cewa Read-only file system.

Ka buɗe /etc/exports ka dubi layin da kyau. Abin da ya kamata:

/srv/biro 192.168.1.0/24(rw,sync,no_subtree_check)

In ba a rubuta rw ba, karatu kaɗai ake bayarwa. Sannan ka duba ko akwai tazara tsakanin adireshin da bakan buɗewa. Tazara ɗaya tak tana juya ma'anar layin: injinan biro su sami karatu kawai, kowane inji a duniya da zai iya isowa kuma ya sami rw. Na sha ganin wannan. Bayan gyara ka buga sudo exportfs -ra, sannan sudo exportfs -v ya nuna maka abin da uwar kwamfuta ta fahimta da gaske.

In kuwa tun wurin ɗaurewa aka ce access denied by server, adireshin kwamfutarka ne ba ya cikin layin, galibi don akwatin reso ya ba ta sabo bayan an kashe an kunna. Mai Mac kuma ya ƙara resvport a zaɓin ɗaurewa, don uwar kwamfuta ta Linux tana son buƙata ta fito daga ƙofar reso, wato port, mai lamba ƙasa da 1024.

Duk fayilolin sun koma na nobody, wani wuri ma ina ganin 4294967294.

Wannan na NFS ta 4 ce, wadda ta fara fitowa a 2000. An tsara ta ta iya aika mallaka da suna haɗe da sunan yanki, kamar sakatariya@biro.lan. In layin Domain da ke /etc/idmapd.conf bai zo ɗaya a injinan biyu ba, ko sunan babu shi a gefe ɗaya, sai a nuna nobody. Doguwar lambar kuwa ita ce 2 ƙasa da sifili in an rubuta ta a gurbi 32, ma'anarta ba a san mai shi ba. Ka daidaita Domain, ka buga sudo nfsidmap -c don share abin da aka haddace, ka kwance ka sake ɗaurewa. Linux na yanzu, in ba tsarin tantance mutum na Kerberos ake amfani da shi ba, lamba yake aikawa kai tsaye, don haka an fi gamuwa da wannan a tsofaffin injina da akwatunan ajiya na saye.

Na saka ta a rukunin biro amma har yanzu an hana ta.

Ta fita daga asusunta ta sake shiga, sannan ta buga id ta ga ko 5000 ta bayyana. Rukuni ba ya hawa kan mutum sai a sabuwar shiga. In ta bayyana kuma ba a daina hanawa ba, ka ƙirga rukunanta. Hanyar tantancewa ta yau da kullum a NFS rukuni 16 kawai take ɗauka, na 17 ya faɗi a hanya. Maganinsa a kunna manage-gids a uwar kwamfuta, ta riƙa duba rukunan mutum a nata littafin. Sai dai daga nan dole a saka mutumin cikin rukunin a can ma, na kwamfutarsa kaɗai bai isa ba.

Wani lokaci kuma haƙuri kawai ake bukata. Kwamfuta tana riƙe bayanin izini har daƙiƙa 60 kafin ta sake tambaya.

Bayan an ɗauke kuran, takardun da na ajiye da safe babu su a rumbu, kuma yau ana hana ni rubutu.

Wannan tamu ce ta Damagaram, musamman watannin Afrilu da Mayu da zafi ke kai wa maƙura, wuta na zuwa tana komawa. Ga abin da ke faruwa. Wuta ta dawo, kwamfutar ma'aikaci ta riga uwar tashi, ta nemi rumbu ba ta same shi ba, ta ci gaba abinta. Turken yana nan tsirara. In izininsa a sake yake, ma'aikaciya ta ajiye takardunta a /mnt/biro tana zaton rumbu ne, alhali kan faifan kwamfutarta suka sauka. Da rana aka ɗaure rumbu, ya rufe su. Ba su ɓace ba. Ka buga sudo umount /mnt/biro ka leƙa turken, za ka same su kwance. In kuwa turken na root ne, sai ta ga Permission denied a folda marar komai, ta ɗauka izini ne ya lalace.

Kafin ka zargi izini, ka buga findmnt /mnt/biro. In bai nuna komai ba, ba a ɗaure ba ne.

Abu biyu nake yi wa kowane inji. Na farko, tun ba a ɗaure komai a turke ba, in buga sudo chattr +i /mnt/biro. Daga nan ko root ba ya iya ajiye komai a kansa, amma ɗaurewa na yiwuwa yadda aka saba. Gara ma'aikaci ya ga an hana shi ya kira ni, da ya yi aikin yini a wurin da ba a kwafa. Na biyu, a /etc/fstab, fayil ɗin da ke jera abin da kwamfuta za ta ɗaure:

192.168.1.10:/srv/biro /mnt/biro nfs _netdev,nofail,x-systemd.automount 0 0

Da wannan ba a ɗaurewa sai lokacin da aka fara taɓa foldar, kuma injin ba ya maƙalewa wurin tashi. In kuɗi ya isa akwatin riƙe wuta ɗaya kacal, uwar kwamfuta da akwatin reso za a jona masa. Kada kuma ka sa zaɓin soft don gudun maƙalewa a foldar da ake rubutu: yana iya yanke ajiya a tsakiya fayil ya lalace.

Namu rumbun Windows ne, ko Samba. Dokar ɗaya ce?

A'a, a nan an juya. SMB, hanyar da Windows da Samba ke raba folda da ita, mai bi ta ƙofa 445, da suna da kalmar sirri take tantance mutum. In ka ɗaure rabon Windows a Linux da sudo, komai zai fito a matsayin na root, ma'aikaci ya kasa rubutu ko da can an yarda masa. Sai ka faɗa wa kwamfutarka wa za ta nuna a matsayin mai shi:

sudo mount -t cifs //192.168.1.10/biro /mnt/biro -o credentials=/root/.smb,uid=2001,gid=5000,file_mode=0660,dir_mode=0770

Waɗannan lambobi na gefenka ne kawai. Hukuncin ƙarshe na can ne, bisa asusun da ke cikin fayil ɗin credentials, wanda dole ka ba shi chmod 600. Kada ka rubuta kalmar sirri a fstab, kowa na iya karanta shi.

A Windows izini hawa biyu ne, shafin Partage da shafin Sécurité, kuma wanda ya fi tsauri shi ke cin nasara. A Samba, wadda Andrew Tridgell ya fara a 1992, mutum sai ya zama yana da asusun Linux, an kuma ƙara shi da smbpasswd -a, sannan izinin foldar da ke ƙasa ya yarda masa. In ba ka taɓa komai ba, Samba na haifar da fayil da folda ba tare da ba rukuni rubutu ba, don haka a smb.conf ka sa force group = biro, create mask = 0660 da directory mask = 0770.

Tunda a NFS lamba kawai ake dubawa, wani ba zai zo da kwamfutarsa ya ɗauki lambar darakta ba?

Zai iya, kuma ina son kowane mai wuri ya san haka. Duk wanda ya jona injinsa a reson da ka buɗe wa ƙofa, yana da sudo a kansa, zai buɗe asusu mai lamba 2001 ya karanta duk abin da sakatariya ke karantawa. Root_squash bai hana wannan ba. Uwar kwamfuta tana gaskata abin da aka faɗa mata ne.

Don haka a /etc/exports na fi son jera adireshin injinan biro ɗaya-ɗaya maimakon reso duka, in kuma raba wifin baƙi da na aiki, ƙofa 2049 ta NFS ba ta taɓa kallon intanet. Wannan yana rage haɗari, bai kawar da shi ba, tunda adireshi ma ana iya aronsa. Cikakken magani Kerberos ne, da zaɓin sec=krb5, ko krb5p in ana son a ɓoye abin da ke bi ta waya, inda kowa sai ya tabbatar da kansa. Yana son agogon injina su zo ɗaya, saɓanin da ya wuce minti 5 yana sa a hana shiga, kuma kwamfutocin da ƙaramin batirin agogonsu ya mutu suna da yawa a garin nan, sai an sauya musu tukuna. Biron da ba shi da mai kula da wannan kullum, foldar albashi da ta bayanan marasa lafiya ina ɗauke su daga NFS in mai da su Samba, kowa da kalmar sirrinsa, sauran takardun aiki su zauna inda suke.